In kai mai zane ne kuma za ka Legas kallon aikin manya

Toh ƴan uwa masu zane na Gwaram, Birnin Kudu, Sumaila da kewaye, in Allah ya nufe ka da zuwa Ikko kar ka ce sai ka zaga komai a rana ɗaya, goslo ɗin garin nan zai cinye maka yinin kana cikin danfo. Wuri ɗaya a rana ya isa, kuma ka yi sammako musamman in a Agege ka sauka.

Fara da gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, tun 1957 aka buɗe shi. Mutanenmu da sun shiga sai su nufi motar da aka harbi Janar Murtala a ciki a 1976, ka kalle ta ka yi masa addu'a, amma kai aiki ya kawo ka. Nemi kawunan yumɓun Nok, wato kawunan mutum-mutumi na zamanin da da aka tono a yankin Nok na jihar Kaduna, ka tsaya ka dubi idon sosai, kusurwa uku ne, an huda tsakiyarsa, hanci da baki ma a hude suke, kuma dukkansu da hannu aka gina aka gasa. Fito da ɗan littafinka da fensir ka kwafi kai ɗaya tak, ko da zai ɗauke ka rabin awa. Abin da hannunka ya bi ba ya ɓacewa, hoton waya kuwa wallahi ba za ka sake buɗe shi ba.

Washegari sai Nike Art Gallery a Lekki, bene ne hawa-hawa cike da zane har bango ba ya ganuwa, kan mutum juyawa yake yi. Kar ka ruɗe, zaɓi guda biyar kawai. Matsa kusa ka ga kaurin fenti da inda burushi ya bi, sannan ka ja baya ka ga yadda launin ya haɗu. Ka dubi adire ɗinsu ma, wato rinannen yadin Yarabawa, wani da kullun rogo suke zana shi kafin a tsoma a baba, inda aka shafa sai ya ƙi kama rini, duk wanda ya san marinar Ƙofar Mata zai gane kan abin nan take.

Banda taɓa zane da hannu, kuma ka nemi izini kafin ɗaukar hoto. Kar ka kinkimo zanukanka daga gida kana tallar su a bakin ƙofa, ka ɗauki hoton goma masu kyau a waya, in hira ta yi daɗi da ma'aikacin wurin sai ka nuna, ka tambayi nawa ne kasonsu in sun sayar wa mutum. In tafiyarka ta faɗo watan Nuwamba akwai baje kolin zane-zane na Art X, sai ka tanadi kuɗin tikiti tun daga gida.