Yadda Za Ka Canza Kuɗin Umara Ba Tare da An Ƙware Ka Ba

Da farko riƙe wannan lissafi a ranka: dala ɗaya riyal 3.75 ce. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure kuɗinta da dala a kan haka, saboda haka duk wanda ya yi maka tayin da ya gaza wannan sosai, wuce gaba.

Sai ka sayi dala tun kana gida, kada ka ɗauki naira zuwa can. Fara tambayar bankinka farashin dalar guzurin matafiya, sannan ka leƙa wurin 'yan canji biyu ko uku masu lasisi, irin na Wapa a Kano ko Zone 4 a Abuja, ka ji na kowa kafin ka fito da kuɗi. Nemi sababbin takardun dala ɗari, masu shuɗin zare a tsakiya. Tsofaffi da masu yaga ko tabon biro akan rage musu daraja, wani ma ya ƙi karɓa gaba ɗaya. Ƙirga a gaban mai canjin, ka duba kowace takarda. Kada kunya ta hana ka, guminka ne.

Idan ka sauka Jidda ko Madina, canza kaɗan a filin jirgi, na mota da abinci kawai. Sauran ka kai shagunan canji na cikin gari, ka tambayi nawa za a damƙa maka a hannu bayan an cire komai.

In kati za ka sa a na'ura ta ba ka zaɓi tsakanin riyal da kuɗin da ke katinka, zaɓi riyal, don canjin na'urar ya fi tsada.

Kuɗin da ya kai riyal 60,000 kuwa, dole ka bayyana shi ga jami'an kwastam na Saudiyya.