Yadda za ka bi yaɗuwar korona a Najeriya da Excel

Masu ta tambayata yadda ake yi, to ga shi:

1. Ɗauko alƙaluman NCDC, hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta Najeriya, tun daga 27 ga Fabrairu 2020, ranar da aka samu mutum na farko da ya kamu a Legas.
2. Zuba su a Excel, kowace rana da layinta.
3. Ware sabbin kamu daban da jimilla. Hattara, nan ake tafka kuskure, in ka zana jimilla layin hawa kawai zai dinga yi ko da cutar ta lafa.
4. Haɗa sabbin kamun kwana 7 ka raba gida 7.
5. Raba abin da ka samu da yawan mutanen jihar da kake bi, ka ninka da 100,000.
6. Zana layinka.
7. Duba yawan gwajin kowace jiha, don wallahi inda ba a gwada mutane sosai sai ka ga kamar lafiya lau ake.