Kurakuran da ake yi da dokin Standardbred bayan ya bar filin tsere

Ranar da na fara hawa ɗaya daga cikin waɗannan dawaki, wato Standardbred, jinsin dawakin Amurka da ke tsere suna jan keke, a wata gona a jihar Ohio, wani ja aka ba ni mai baƙar geza, ɗan shekara tara. Muna tafe a hankali ta gefen gonar masara sai ya ɗan ƙara sauri. Na ja linzami, kamar yadda duk wanda ya tashi da doki zai yi. Maimakon ya rage, sai ya miƙe wuya, ya danne ƙarfen da bakinsa, ya ƙara wuta. Na ƙara ja, shi ma ya ƙara. Matar da ke kula da shi ta ɗaga murya daga baya ta ce, "Sassauta hannunka, yi masa magana!" Da na saki na ce masa "hoo" a hankali, sai ya tsaya cak, yana kaɗa kunne.

Dokin bai yi laifi ba. Abin da aka koya masa ne ya yi. A filin tsere ba a hawan bayansa. Direba ne ke zaune a ɗan keke mai ƙafa biyu a bayansa, riƙe da dogon linzami tamau, kuma wannan riƙon shi ne ke ce masa ci gaba. Shekara da shekaru a haka. To ka ga wanda ya hau shi ya maƙale linzami da hannu biyu, gudu yake nema bai sani ba. Wasu in haka ta faru sai su ruga su sayo linzami mai zafi, kuma nan ne abin ke ƙara lalacewa, don bakin zai ji ciwo, dokin ya tsorata, amma ba zai gane abin da ake so ba. Gyaran shi ne a ja kaɗan a saki, a sake ja a saki, a haɗa da murya, mahayi ya zauna daram a sirdi. Tun daga ƙasa ake fara wannan, kana jansa da ragama: ka ce "hoo", ka tsaya, ya tsaya, ka shafa wuyansa. Waɗannan dawaki sun san murya sosai, da ita aka yi ta aiki da su tun suna dukushi.

Sunan nasu ma daga tsere ya samo asali, don "standard" da Turanci mizani ke nan. A 1879 aka kafa mizani a Amurka cewa ba a rajistar doki a wannan jinsi sai ya iya cin mil ɗaya cikin minti 2 da daƙiƙa 30. Kusan dukkansu jikokin wani ingarma ne mai suna Hambletonian 10, wanda aka haifa a jihar New York a 1849. Yau zakarun cikinsu na cin mil ɗin a ƙasa da minti 1 da daƙiƙa 50, kuma ba da sukuwa ba.

Wannan "ba da sukuwa ba" shi ne tushen kuskuren da ya fi ba ni takaici. Tafiya iri biyu ake tsere da ita. Akwai sassarfa, inda ƙafar gaba ta dama ke tashi tare da ta baya ta hagu. Akwai kuma wadda ƙafafun gefe ɗaya ke tashi tare, irin tafiyar raƙumi, kuma masu ita ne suka fi yawa a filayen Amurka da Kanada. Har wani irin dabaibayi mai sako-sako ake ɗaura musu don kada su sauya taku. Idan doki ya ɓalle da sukuwa ana cikin tsere, dole direba ya janye shi gefe ya ja da baya har ya koma takunsa. Ma'ana, duk tsawon aikinsa sukuwa laifi ce. Sai ga sabon mai shi, sati biyu da kawo shi, yana sa masa ƙaimi da bulala wai sai ya yi sukuwa. Dokin zai ƙara saurin abin da ya sani, mahayi ya yi ta girgiza hagu da dama a kan sirdi, ransa ya ɓaci, ya sauko yana cewa ai wannan jinsin ba su iya sukuwa ba. Sun iya. Ka sake su a fili da safe ka gani. Gaskiya ne akwai gado a lamarin, don a 2012 masu bincike a Suwidin sun gano ƙwayar halittar da ake kira DMRT3, wadda ke da hannu a irin wannan taku. Amma abin da ya fi yawa shi ne sabo da rashin ƙarfin baya.

Haƙuri ne maganinsa, kuma na watanni. A fara da tafiyar ƙafa mai yawa. A shimfiɗa sanduna a ƙasa ya riƙa tsallakewa, don suna tilasta masa raba ƙafafunsa ya koma sassarfa. Idan bayansa ya yi ƙwari, a nemi ɗan tudu mara tsayi, a bar wani natsattsen doki ya yi gaba, shi ya bi. Da yawa a nan suke ɗaukar sukuwa da kansu. Taku uku ko huɗu ya isa ranar farko. A yaba masa, a koma gida. Ni a ganina ma, wanda yawon daji kawai yake so, ba sai ya matsa a kan sukuwa ba sam.

Wani abin da ake mantawa shi ne wannan doki bai san ƙafar mahayi ba. Ya saba da majayi, ya saba da kaya a jikinsa, shi ya sa yakan karɓi sirdi ba gardama, har mutum ya ɗauka an gama horo. Ba a gama ba. Matsa shi da dunduniya ba ya nufin komai a wurinsa tukuna. Ga kuma sandunan keken da suka riƙe jikinsa a miƙe, da filayen tseren Amurka da kullum hagu ake juyawa, sai ka tarar yana juyawa kamar katako. Manyan da'irori ta ɓangarorin biyu, a hankali, su ne ke sassauta shi. Sirdin ma a sake duba zamansa bayan wata uku ko huɗu, don surar bayan tana sauyawa idan naman wurin ya cika.

Na koma baya kaɗan, don kuskure na farko tun wurin saye ake tafka shi. A manyan filayen Amurka doki ba ya wuce shekara 14 yana tsere, kuma yawanci tun kafin nan suke bari. Da yawa mutanen Amish ne ke saye, wata al'ummar Kirista da ke tafiya da keken doki maimakon mota, a Pennsylvania da Ohio da Indiana, su ci gaba da jan keken fasinja a kan kwalta. Idan ƙarfi ya ƙare, wasu kan ƙare a kasuwannin gwanjo irin na garin New Holland a Pennsylvania, inda dillalan da ke kai dawaki mayanka a Kanada da Meziko ke saye, tunda mayankan dawaki na Amurka sun rufe a 2007. Mutum ya ga hoton ramammen doki a Facebook an ce jibi za a loda shi, tausayi ya kama shi, ya tura kuɗi. Niyyar mai kyau ce, ba na musu. Amma wanda bai taɓa riƙe doki ba bai kamata ya fara ta nan ba. Akwai ƙungiyoyi da aikinsu shi ne karɓar dawakin da suka bar tsere su nema musu sabon gida, irin Standardbred Retirement Foundation da aka kafa a New Jersey a 1989, da New Vocations da ta fara a Ohio a 1992. Su sun zauna da dokin, sun hau shi, za su gaya maka halinsa da ciwonsa.

Ko daga ina ya fito, ɗaga gezarsa ta dama. Za ka ga haruffa da lambobi da farin gashi a wuyan, tambarin da aka buga da ƙarfe mai tsananin sanyi; na baya-bayan nan kuma 'yar na'ura ake sa musu a ƙarƙashin fata. Da wannan lamba hukumar USTA, mai rajistar wannan jinsi a Amurka, za ta fito maka da sunansa na rajista, shekarunsa, iyayensa da tseren da ya yi. Kada ka yarda da shekarun da aka faɗa maka da baki. Sannan likitan dabbobi naka, ba na mai sayarwa ba, ya duba jijiyoyin ƙafa da gwiwoyin baya, ya ga takardar gwajin Coggins, wato gwajin jinin da ke nuna ko dokin na ɗauke da wata cutar jini mai yaɗuwa. Wanda ya fito daga gwanjo a ware shi sati uku, bokitinsa daban, saboda cutar nan mai kumbura maƙogwaro da ke bazuwa cikin barga kamar wutar daji.

Abinci kuwa, kuskure biyu ne masu kishiyantar juna. Wani ya ci gaba da ɗura masa hatsi kamar yana tsere, doki ya cika da zafin kai. Wani kuma ya yanke hatsin rana ɗaya ya sake shi cikin ɗanyar ciyawa, ciwon ciki ya kama shi. Duk sauyin abinci a yi shi sannu a hankali cikin sati ɗaya zuwa biyu. Dokin da ya kai kilo 450 yana buƙatar ingirici kilo 7 zuwa 9 a rana, da ruwa a gabansa kullum. Gyambon ciki ya yi yawa a dawakin tsere. In ka ga yana cin abinci yana ramewa, ko yana kai cizo lokacin ɗaure majayi, kira likita kafin ka ce mugun hali ne. Kofato a gyara duk sati shida zuwa takwas.

A daji abin mamaki ne. Mota ba ta dame shi ba, tarakta ma haka, don bayan mota mai shinge kamar fukafukai suke jeruwa a fara tserensu, ga lasifika ga ihun jama'a. Sai wannan ya ruɗi mai shi ya ɗauka babu abin da zai firgita shi. Amma na ga doki irin wannan ya tsaya a bakin wani ɗan rafi da bai kai idon sawu ba, yana huci, yana kai hanci yana janyewa, kusan minti goma. A shimfiɗaɗɗen fili ya yi rayuwarsa, wasu ma da makarin ido, bai san gangare ba, bai san kututture a kan hanya ba. A nan ba a duka. A bar shi ya sunsuna, abokin tafiya ya tsallaka da nasa dokin, shi zai biyo. Fitar farko kada ta wuce rabin awa, kuma kada a fita shi kaɗai. A gargaɗi abokan tafiya kada wani ya zo ya wuce shi da gudu ko ya jera da shi kafaɗa da kafaɗa, don a wurinsa wannan tsere ne aka buɗe.

Dokin da ka ɗauka yana ɗan shekara tara zai iya kai 25 ko fiye, da kuɗin ciyawa da na likita da na mai gyaran kofato duk shekara. Karanta yarjejeniyar da za ka sa wa hannu da kyau. Yawancin ƙungiyoyin nan sun hana mayar da dokin tsere ko kai shi gwanjo, kuma sun tanadi cewa in riƙo ya gagara, a dawo musu da shi. Idan aiki ya tsaya ko rashin lafiya ta zo, su za ka fara kira, tun dokin yana da ƙibarsa.