Kurakuran da marubuta ke tafkawa a labarin soyayyar 'yan Amish na farko a Amurka

Wanda ya saba da littattafan soyayya na 'yan Amish, wata ƙungiyar Kiristoci masu gudun kayan zamani, ya san hoton da ke bangonsu: budurwa da farar hula, baƙin keken doki, gida ba lantarki. Marubuta da yawa sukan ciro wannan hoton su liƙa shi a shekarar 1737, lokacin da jirgin ruwa mai suna Charming Nancy ya sauke iyalan Amish a Filadelfiya. Tun daga nan tafiya ta karkace. A 1737 ba wanda ke da lantarki, kuma kowa doki ne abin hawansa ko sayyadarsa. Hana tarho a gida sai farkon ƙarni na 20, bargunan nan masu launi da aka san matansu da ɗinkawa kuwa sai ƙarshen ƙarni na 19 suka yaɗu. Abin da ya bambanta su da maƙwabta a wancan zamani shi ne gemu ba gashin baki, ƙugiya a riga maimakon maɓalli, ƙin yin rantsuwa, da ƙin ɗaukar makami. In kana son jarumarka ta ji ita bare ce, kai ta kasuwa a ji harshenta, a kalli rigar mahaifinta.

Harshen ma ana kuskurensa. Waɗannan mutane daga Suwizalan, Alsas da yankin Falatinet na Jamus suka fito, Jamusancin ƙauyukansu suke yi. Saurayin da ya sauka jiya ba zai tsara budurwa da Turanci ba.

Babban kuskuren, a ganina, shi ne yadda ake sarrafa ƙauracewa, wadda suke kira Maidun. Marubuci zai sa yarinya 'yar shekara 17 ta kalli wani baƙo, washegari gari ya juya mata baya. Ba haka abin yake ba. Ƙauracewa tana hawa kan wanda aka yi wa baftisma ne kaɗai, su kuwa ba sa yi wa jarirai, sai mutum ya girma ya durƙusa da kansa ya ɗauki alkawari. A kan wannan batu na ƙauracewa Yakubu Amman ya raba gari da sauran 'yan Menonayit, ɗarikar Kiristocin da yake ciki, a 1693, har aka sa wa mabiyansa sunansa. Saboda haka kafin ka rubuta babi na farko, yanke shawara: an yi mata baftisma ko ba a yi ba? In ba a yi ba, tana iya auren bare, uwa ta yi kuka, amma ba hukunci. In an yi, to ga inda labari yake. Ka duba matar da aka yanke wa mijinta hukunci: za ta dafa masa abinci, ta ajiye masa a wani teburi daban, ita da yara su ci a nasu, yana jin ƙarar cokulansu. Ba saki a wurinsu, ba kuma inda za ta. Wannan teburi guda ya fi shafi goma na hawaye.

Ana kuma mai da dattawan jama'a azzalumai, soyayya ta zama tsere daga kurkuku. Wannan lalaci ne na alƙalami. Limaminsu manomi ne kamar kowa, ƙuri'a ce ta faɗa kansa, ba albashi, kuma a gidajen mutane ake ibada don ba su gina coci. Kakanninsu sun sha dauri da kora a Turai, an nutsar da Filiks Manz, ɗaya daga cikin jagororinsu na farko, a kogin Limat na Zurik a 1527, kuma waƙoƙin littafinsu Ausbund wasu a kurkuku aka tsara su. 'Yan ɗaruruwa ne kawai suka ƙetaro a ƙarni na 18. Budurwar da ta bar wannan 'yar jama'a ta bar waɗanda za su kama mata haihuwa, su tayar mata da rumbu in ya ƙone. Sai mai karatu ya ji daɗin zama cikinsu kafin ya ji zafin fita.

Tafiyar teku kuma kada a mai da ita yawon shan iska. Ana gangarowa kogin Rayin zuwa Rotadam, a tsaya a Ingila, sannan a yi wata biyu ko fiye a cunkushe, ruwan sha ya yi wari, yara na mutuwa. Wanda ya kasa biyan kuɗin jirgi akan sayar da aikinsa na shekaru. Masoya biyu na iya rabuwa a bakin tasha saboda bashi kawai.

Sai kuma kuskuren jarumin da ke ɗaukar bindiga ya ceci masoyiyarsa. A watan Satumba na 1757, lokacin yaƙin Faransa da Ingila, mayaƙan 'yan asalin ƙasar suka kai hari gidan wani ɗan Amish, Yakubu Hostetla, a Notkil, cikin gundumar Baks. 'Ya'yansa sun iya harbi, suka nufi bindigogin farauta, ya hana su. Aka kashe matarsa da 'ya'ya biyu, aka tafi da shi da samari biyu. In jaruminka zai ja kunamar bindiga, sai ka nuna abin da zai tarar ranar Lahadi a gaban jama'a.

Neman auren kansa a ɓoye ake yi, ba zobe, ba kyautar gwal. Dikon, wato mai taimaka wa limami, shi ne ke zuwa gidan iyayen yarinya a asirce ya nemo amsa, sai a sanar a taron ibada, 'yan makonni kafin biki.