Motar Gida Bayan Ritaya: Sabuwa Dal Ko Ta Hannu?

A Amurka tsofaffi da yawa idan suka ajiye aiki sukan sayar da gida su tare cikin motar gida, wadda can ake kira RV. Ɗakin kwana, kicin, banɗaki da ɗan falo, duk a kan taya. Sanyi ya shigo su gangara Arizona, Texas ko Florida, zafi ya tsananta su haura arewa. Wanda zai shiga wannan rayuwa, shawarar da ta fi tsare masa kuɗin fansho ita ce ya nemi ta hannu mai shekara uku zuwa bakwai, wadda ƙwararre ya duba, ya biya kuɗi hannu. Amma shawarar tana da sharuɗɗa, kuma akwai mutumin da sabuwa ta fi dacewa da shi.

Motocin iri biyu ne a dunƙule. Akwai mai injinta: Class A mai siffar bas, Class C mai kan babbar mota da gado a saman direba, sai Class B, ƙaramar bas da aka mayar ɗaki. Akwai kuma tirela da ake ja, ko dai a bayan mota, ko wadda wuyanta ke hawa bayan a-kori-kura, wato fifth wheel. Masu zama dindindin sun fi karkata ga Class A da fifth wheel saboda fili da wurin ajiya.

Abin da mai sayen sabuwa ya kamata ya fara sani shi ne yadda ake haɗa ta. Yawancin motocin gida na Amurka daga yankin Elkhart na jihar Indiana suke fitowa, kuma manyan kamfanoni uku, Thor, Forest River da Winnebago, su ne ke riƙe da mafi yawan sunayen da ake gani a kasuwa. Da hannu ake haɗa su, da katako marar nauyi da gam da kusa, cikin sauri. Sannan a ɗora wannan gida a kan titi ya yi ta jijjiga. Shi ya sa shekarar farko shekarar gano lahani ce: mahaɗar famfo ta ɗiga, ƙofar kabad ta saki, waya ta kwance. Garanti zai biya gyara, galibi na shekara ɗaya. Matsalar ita ce jira. Dila kan riƙe mota makonni, wani lokaci watanni, yana jiran kamfani ya amince ko kayan gyara su iso. Mai hutun ƙarshen mako zai koma gida ya jira. Kai da motar ita ce gidanka, kuɗin otal zai hau kanka.

Karanta takardar garantin kafin ka ba da kafin alƙalami. Kamfanoni da dama sun rubuta cewa motarsu ta yawon hutu ce, wanda ya mayar da ita mazauni garantinsa na iya faɗuwa. Kalaman mai talla ba hujja ba ne, sai abin da ke rubuce.

Sai faɗuwar daraja. Sabuwa ta fi yin asara a shekarunta na farko, tun daga ranar da ta bar filin dila. Idan ka haɗa wannan da bashin banki na shekara 15 ko 20, za ka daɗe bashin da ke kanka ya fi kuɗin motar. Ga tsoho wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, domin rashin lafiya ko rasuwar abokin zama na iya tilasta sayarwa ba shiri, ka sayar kuma ka ciko daga aljihu. Wanda ke gudun kuɗin ruwa saboda addini, ta hannu ce ta fi ba shi damar biya gaba ɗaya. In ma sabuwar za ka saya, kada ka biya farashin da aka manna a gilashi. Ana taya shi sosai, musamman ƙarshen shekara ko a manyan baje koli irin na garin Hershey a watan Satumba da na birnin Tampa a Janairu.

Ita ta hannu, babban makashinta ruwa ne. Inji ana gyara shi a san kuɗinsa, amma ruwan da ya shekara biyu yana tsiyaya cikin bango sai an farke za a san iyakar ɓarnarsa. Saboda haka dubawa daga rufi take farawa. Hau sama. Rufin yawanci shimfiɗar roba ce, EPDM ko TPO, wasu kuma fiba. Bi kowace mahaɗa: gefen na'urar sanyaya ɗaki, tagogin sama, bututun iska, da inda rufi ya haɗu da goshin mota da ƙeyarta. Gam ɗin da aka toshe su da shi yana tsagewa da rana, shi ya sa ake so a riƙa duba shi kamar duk wata uku. In ka taka wani wuri ka ji ya lotsa kamar katifa, katakon ƙasa ya ruɓe.

Sauko ka tsaya a kusurwar motar, ka kalli bangon waje ta gefe, inda haske ke kwanciya a kansa. Bango mai lafiya sumul yake. In ka ga kumburi ko wani wuri ya yi tudu-tudu, ka danna ka ji yana motsi, to fatar fiba ta rabu da katakon ciki, kuma kusan kullum ruwa ne sila. Wannan ba abin ragi ba ne, abin juyawa ne a tafi. Kyan ɗan maciji ke nan: ciki fes, kujeru na ƙyalli, bango ya mutu.

A ciki, hanci ya fara aiki kafin ido. Warin rima, ko turaren da aka fesa ya yi yawa, duk abin tuhuma ne. Buɗe kabad na sama ka shafa kusurwoyinsu, taka ƙasa da ƙarfi gaban banɗaki, bakin ƙofa da ƙarƙashin tagogi. Ƙaramar na'urar auna damshi ba ta da tsada, ka yawata da ita jikin bango. Ɗakunan da ke turowa waje in an yi fakin, ka fitar da su ka mayar sau uku. Su tafi daidai, ba karkacewa, ba ƙara, robar gefensu ba ta yage ba.

Taya tana yaudara. Motar gida ta fi zama fiye da tafiya, don haka zanen taya zai nuna kamar sabo alhali robar ta tsufa. Nemi rubutun DOT a gefenta, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Daga shekara biyar ake sa mata ido, masu zama dindindin da yawa kan canza wajen shekara shida ko bakwai. Tayar da ta fashe a guje takan tsinke wayoyi da bututun da ke samanta. Class A na da taya shida ko takwas, ka cire kuɗinsu daga ciniki.

Haka janareto. Mai sayarwa zai yi alfahari cewa bai yi awa hamsin ba cikin shekara shida, alhali wannan aibi ne. Ana so a riƙa kunna shi kamar awa biyu kowane wata da rabin lodi, in ba haka ba fetur ya daskare a kafireto. Kunna shi, ɗora masa na'urar sanyi, ka saurara.

Firijin da ke aiki da gas ka ce a kunna shi tun daren jiya, domin yana ɗaukar sa'o'i kafin ya yi sanyi. Buɗe murfinsa na waje. In ka ga ɗorawar hoda ko ka ji warin amoniya, ya yi yoyo, kuma irin wannan yoyo kan jawo gobara. Ka shigar da lambar shasi a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, ka ga ko akwai kiranyen gyara da ba a kai ba. Na'urorin gargaɗin gas da hayaƙi su ma suna da ranar ƙarewa a jikinsu.

Mai neman dizal ya lura da shekara. Daga 2007 dokar hayaƙi ta kawo matatar toka a salansa, daga 2010 aka ƙara tankin DEF, ruwan da ke tsaftace hayaƙi. Injinan da suka gabaci wannan sun fi sauƙin gyara, sai dai sun tsufa, kuma wasu sansanonin fakin ba sa karɓar motar da ta wuce shekara goma sai sun ga hotonta. Motocin gidan da aka haɗa lokacin korona kuwa a ƙara musu ido: a 2021 masana'antar ta fitar da sama da 600,000, adadin da ba ta taɓa kaiwa ba, kuma ƙorafin aikin gaggawa ya yi yawa.

Duk iya dubawarka, ɗauki mai bincike mai shaidar NRVIA, ƙungiyar masu binciken motocin gida, wanda kai za ka biya, ba na dila ba. Zai shafe sa'o'i, ya gwada layin gas da wuta, ya aika man inji da na giya ɗakin gwaji. Mai sayarwar da ya ƙi a kawo shi ya ba ka amsa. Nemi takardun sabis, ka tabbata takardar mallaka ba ta nuna haɗari ko ambaliya ba, kuma babu bashin banki a kanta.

Akwai lissafin da ya shafi sabuwa da tsohuwa duka, shi ne nauyi. Kusa da ƙofa akwai takarda mai faɗin iyakar kayan da motar za ta ɗauka. Ruwa kaɗai kilo ɗaya ne kowace lita, tanki mai lita 300 ya cinye kilo 300 tun ba ka saka tukunya ko akwati ba. Ma'aurata masu ɗauke da duk abin da suka mallaka nan da nan suke wuce iyaka, birki da taya su ɗauki wahalar. Bayan ka loda, hau sikelin auna mota na kamfanin CAT a tashar manyan motoci. Ga fifth wheel, kimanin kashi 20 cikin ɗari na nauyinta a kan a-kori-kura yake sauka, don haka zaɓi tirela kafin motar ja. Wasu jihohi, irin su Texas, na buƙatar lasisi na daban idan nauyi ya haura laba 26,000. Duba wuta ma: layin amp 30 wat 3,600 yake bayarwa, na amp 50 kuwa 12,000, kuma na'urar sanyi biyu a zafin Arizona sai layin amp 50.

Sabuwa ta dace da wanda ba ya iya riƙe sufana, yake da kuɗin da asarar farko ba za ta girgiza shi ba, kuma zai bar gidansa a hannu na wata shida zuwa shekara. A wannan lokaci ya riƙa gajerun tafiye-tafiye kusa da dila har lahani ya gama bayyana. Ranar karɓa kada ya sa hannu sai an haɗa ruwa, wuta da gas an gwada komai a gabansa, in da hali ya kwana a filin dilan.

Mai sayen ta hannu kuma kada ya zuba duk kuɗinsa a ciniki. Ya ware wani kaso mai kauri na taya, batir, gam ɗin rufi da abin da zai ɓullo a watannin farko. Inshora ya nemi ta masu zama dindindin, domin ta yawon hutu na iya ƙin biya idan ta gano motar ce gidansa. Adireshi ma dole ne kafin rajista, shi ya sa da yawa ke zaɓar South Dakota, Texas ko Florida, inda jiha ba ta karɓar harajin kuɗin shiga. Ƙungiyar masu motocin gida ta Escapees da ke Livingston a Texas tana ba mambobinta adireshi, ta tara musu wasiƙu ta tura duk inda suka yada zango.