Kurakuran da ke kashe binciken magani daga ƙwayoyin ƙasa da na ruwa

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Filato ko Nasarawa ya san Mectizan, ƙwayar maganin makantar rafi da ake auna tsawon mutum da sanda kafin a ƙirga masa. Asalinta wata bakteriya ce da Satoshi Omura ya tsamo daga ƙasa a Japan cikin shekarun 1970. William Campbell da abokan aikinsa suka gano sinadarin da take fitarwa yana kashe tsutsa, daga shi aka samar da ivermectin, wato Mectizan. Omura da Campbell sun samu kyautar Nobel a 2015, a 2018 kuma aka daina rabon maganin makantar rafi a jihohin nan biyu saboda cutar ta daina yaɗuwa. Da irin wannan ake auna tasirin masani. Ɗalibanmu masu digiri na biyu da na uku a Jos da ke neman magani daga irin waɗannan ƙwayoyin ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, wasu kurakurai ne ke tare su a hanya.

Uwa uba shi ne tsayawa a ɗanyen tsimi. Ɗalibi zai raini bakteriyar da ya samo, ya tatsi ruwanta da sinadarin methanol, ya ɗiga a farantin da aka shuka ƙwayar cuta. Washegari ya tarar da zobe inda bakteriya ta kasa tsirowa, ya ɗora rula, milimita 15, sai murna. Babin ƙarshe ya fito da cewa an gano magani. Ai da sauran rina a kaba. Faɗin zoben ya danganta da yadda sinadarin ke ratsa abincin da ke cikin farantin, saboda haka mai ƙarfi na iya ba da ƙaramin zobe. Gyaran shi ne a auna mafi ƙarancin adadin da ke hana ƙwayar cutar girma, wato MIC, sannan a yi ta rarraba tsimin kashi-kashi ana gwada kowanne, har a ware sinadari guda, a tantance siffarsa da na'urar NMR. In babu na'urar a kusa, a nemi abokan aiki a tura musu, amma da yarjejeniya a rubuce kan haƙƙin kowa. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, ta ƙasa da ƙasa kan raba amfanin albarkatun halittu, don irin wannan aka yi ta.

Sai sakaci da gwajin kwatance. Dole a gwada ruwan da aka narkar da tsimin shi kaɗai, domin irin wannan ruwan, kamar DMSO, in ya yi yawa shi ma yana kisa. A ajiye sanannen magani irin ciprofloxacin a gefe, a maimaita sau uku. A kuma gwada a kan ƙwayoyin jikin mutum: bilic ma yana kashe bakteriya, amma ba wanda zai ba majiyyaci.

Wani abin takaicin kuma, a shekara biyu ana wahala a ƙare da sinadarin da aka sani tun zamanin kakanni. Dangin Streptomyces, bakteriyar ƙasa irin ta Omura, an tatse su sosai. Streptomycin tun 1943 aka gano shi. Tun a watannin farko a auna nauyin sinadaran da ke cikin tsimin a gwama da rumbunan GNPS da Natural Products Atlas, kyauta suke a intanet.

Adana ƙwayar kanta kuwa, nan ake yin asarar da ba ta gyaruwa. "Wata bakteriya daga ƙasar Bukuru" ba suna ba ne. A karanta 16S ɗinta, wato sashen ƙwayar gado da ake gane jinsin bakteriya da shi, a saka a rumbun GenBank na intanet, a rubuta ainihin wurin da ranar da aka ɗebo, a daskarar da ita cikin gilisarol a firiza biyu da ba gini ɗaya suke ba. Kowa ya san halin wutarmu.

Na sha jin ana cewa Jos ba teku, to me za a samu? William Fenical da Paul Jensen na cibiyar Scripps a Amurka sun dace ne don sun duba inda ba a duba ba. A lakar ƙarƙashin teku a Bahamas suka samu bakteriyar Salinispora, wadda ta ba da sinadarin salinosporamide A da suka wallafa a 2003. Ya kai matakin gwaji na uku a kan kansar ƙwaƙwalwa, bai ƙara wa majiyyata kwana ba, duk da haka ya buɗe wa masana sabon fage. Mu ma ga kududdufan kuza nan birjik daga Rayfield zuwa Barikin Ladi, ruwa da laka da suka daɗe cuɗe da ma'adinai.

Game da wallafa, a daina yayyanka aiki ɗaya zuwa takardu biyar don neman ƙarin girma. Mujallar da ta karɓi kuɗi ta buga cikin mako guda ba ta duba komai ba. Kafin a tura, a tabbatar mujallar tana cikin Scopus ko DOAJ, rumbunan mujallun da aka tantance, a kuma haɗa da ainihin bayanan NMR ɗin yadda wani zai iya bi ya tabbatar.