Kurakuran da aka fi yi wajen zana kimiyya wa yara

A makarantun ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, inda littafi ɗaya kan zagaye aji guda, zanen da malam ya yi da alli shi yaro zai riƙe har girmansa. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga zane ya ƙayatar, amma abin da ya koyar ba haka yake ba.

Na gyaɗa ya fi damuna. Sau da yawa akan zana 'ya'yanta maƙale a jikin saiwa, alhali ba daga nan suke fitowa ba. Gyaɗa a sama take yin furenta rawaya. In furen ya bushe, sai wani siririn tsinke ya fito daga gurbinsa, ya sunkuya ya huda ƙasa, a bakinsa kwanson ke girma. Ƙananan ƙululun da ke jikin saiwar kuwa mazaunin wasu ƙwayoyin halitta ne masu kamo sinadarin naitirojin daga iska, su ke sa gonar da aka noma gyaɗa ko wake ta karɓi gero da kyau a shekara mai zuwa. Gyaran ba ya cin ko kwabo. Da kaka, a sa yara su tugo tushe ɗaya, a karkaɗe ƙasar, a ɗora a benci, kowa ya zana abin da idonsa ya gani. 'Ya'yan manoma ne, wasunsu ma za su riga malam nuna tsinken.

Sai rana da duniya, da ake jerawa kusan kai ɗaya, tsakaninsu bai wuce taƙi ba. Faɗin rana ya ninka na duniya sau 109, nisan da ke tsakani kuma kusan kilomita miliyan 150 ne. Allo ba zai ɗauki wannan ba, don haka a fita fili. Yaro ɗaya ya riƙe ƙwallon ƙafa a matsayin rana, malam ya yi taku kamar 30, ya ɗora wa wani ƙwayar gero a tafin hannu ya ce ga duniya. In an koma aji a yi zanen, amma a rubuta a ƙasa cewa an matso da su ne don su shiga allo.

Wata ma ana zaluntarsa. Wasu kan zana inuwar duniya tana rufe shi, wai ita ke kawo jinjirin wata. Inuwar duniya sai ranar husufi take faɗa masa. Kullum rabinsa na fuskantar rana, mu ne muke hango ɓangaren mai hasken daga kusurwa daban-daban cikin kwana 29 ko 30. A rufe tagogi, a kunna tocila a matsayin rana, yaro ya riƙe lemo a matsayin wata yana juyawa a hankali.

In an yi amfani da shuɗin alli wajen jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya, a faɗa wa yara alama ce kawai. Jinin ja ne, duhu ya ɗan yi.

Wajen kewayen ruwa kuwa, wato yadda ruwa ke tashi sama ya dawo ƙasa, me ya kai mu kwafo duwatsu masu ƙanƙara daga littattafan Turai? Ga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, ga Kogin Kano da ke haɗuwa da Challawa su gangara Haɗejiya har fadamun Nguru. A zana tururi na tashi daga nan, hadari na haɗuwa daga gabas, ruwa na nutsewa ƙasa har rijiyar unguwa.

Malaman da ke kukan rashin fenti su duba gawayi da jar ƙasa da shuni da ruwan zoɓo. Zoɓon ma darasi ne da kansa: a shafa shi a farar takarda, a ɗiga lemon tsami a gefe guda jansa ya ƙara fitowa, a ɗiga ruwan kanwa a ɗaya gefen ya koma kore-kore, sannan a tambayi yara me suke jin ya jawo haka.